Cajar da Ɗanladi Ya Maido Min

Daren Alhamis, Magariya

Yau na gano wanda ya cuce ni. Tun makon jiya ordinatar tawa, wato kwamfutar da nake sana'a da ita, ke jan ƙafa kamar jakin amalanke. Kafin in tura wa mutum waƙa ɗaya a waya, ya gaji ya koma rumfar Ɗanladi, maƙwabcina. Na kashe tsarin tattalin batir, na hure fankarta, na ɗora ta kan bulo don ta sha iska, duk a banza.

Da la'asar na ɗaga cajar, na ji ta sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Ashe ranar da Ɗanladi ya ari tawa, jabu ya maido min. Ba ta ba injin isasshen kuran, wato wuta, shi ya sa yake rage gudu. Munafukin har jaje ya zo min: "Wayyo abokina, ordinatar nan ta tsufa. Sayar min kawai, in rufa maka asiri."

Gobe in ya tafi cin abinci, ni zai bar wa rumfa kamar kullum, kowace caja ta koma ga mai ita. Jibi in je masa jaje, in taya tasa ordinatar.