Wata huɗu ina dukan ɗiyata saboda jan bik

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Tasawa ce, shekararmu shida a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, maigidana yana da shago a kasuwar Assihar. Tun ina goyon ɗiyata Nana tsorona ɗaya ne, kada ta tashi kamar ni. Aji biyu na yi a lekkol, makarantar boko, aka cire ni, Hausar nan ma da ƙyar nake haɗawa a waya. Da aka samo ma Nana gurbi bana, babanta ya ce karatun gida ya bar mani, sharaɗinshi ɗaya, ban da duka, don duka ne ya kore shi daga lekkol, ya rantse ranar da na taɓa ta kan karatu sai gidanmu. Na ce mashi na iya Larabci tun Islamiyya. Ƙarya ce, rubutun malamarsu ko kalma ɗaya ba na ganewa.

Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma, mu yi lissafi da ƙwallon dabino, sannan ta yi karatu ina gyaɗa kai kamar ina bi. Daga nan sai in buɗe kayenta, littafin da take rubutu. Ni abin da na riƙe tun lekkol ɗinmu shi ne, inda duk mushe, wato malami, ya sa jan bik, jan alƙalami, to ka yi kuskure. Kayen Nana kuwa kowane shafi da jan rubutu a sama. Sai in ɗauko igiyar caja, kowane ja bulala biyu, a cinya inda babanta ba zai gani ba. Ta sha ce mani, "Inna wallahi yabo ne." Sai in ƙara mata ta ƙarya. Har jaka na kira ta, na hana ta abinci sau biyu.

Da aka yi wata huɗu sai jan ya ɗauke, na yi ta murna duka ya yi magani.

Makon jiya maƙwabciyata Fatimatu, 'yar Agadez ce kuma ta yi karatu har na Larabci, ta shigo da wasu mata ta ga tsohon kayen bisa tabarma. Ta duba ta ce, "Maman Nana, ashe malama kike ɓoyewa a gida? Nan madalla, nan goma bisa goma!" Na ce to jan fa? Suka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai, Allah ya raba mu da uwa mai duba kala." Nana tana tsaye bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba, kallona kawai take yi.

Fatimatu ta raka ni lekkol ta yi mani tafinta. Malamar ta ce Nana ce ta ɗaya da farko, amma yanzu kullum cewa take ta mance kaye a gida, ba ta miƙa aiki. Shi ya sa jan ya ɗauke. Yarinya 'yar shekara bakwai ta gano hanyar da za ta tsira daga hannuna.

Na ba ta haƙuri ina kuka, ta ce, "Ba komai Inna," ta ja jikinta. In na shimfiɗa tabarmar sai ta ce cikinta na ciwo.

Yanzu babanta ya ga sakamako, ya ce ba ta da kan karatu, in aka yi hutu zai aika ta Tasawa ta riƙa taya kakarta aiki. A gaban Nana ya faɗa, ba ta tona ni ba.

In na yi shiru an cire ta kamar yadda aka cire ni. In na faɗa mashi gaskiya, mutum ne da ba ya karya rantsuwa. Ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma ku gaya mani, ta ina zan fara mashi maganar? Kuma wadda ta taɓa ganin yaro ya tsani littafi ya dawo yana so, me aka yi mashi?