Gefen da Kunkuru Ya Bar wa Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan nasa, 'yan biyu sun shiga aji uku, surutu kuwa sai abin da ya ƙaru. Baba yana shan maganinsa a kan lokaci, likita ma ya ce jininsa ya sauka. Abin da nake gaya maka ke nan kullum a waya, kuma ba ƙarya na yi ba, sai dai akwai saura. Sauran ne bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar injin yankan ciyawar nan ce da ka aiko mana, mai tuƙa kansa, don Baba ya daina tura tsohon injinsa a rana. Ban taɓa gaya maka yadda ya karɓe shi ba. Ranar farko kujera ya ɗauko ya zauna, ya harɗe hannu yana kallonsa kamar ya kawo sabon ɗan aikin da bai yarda da shi ba. Ka san mutumin da ya shekara talatin yana kula da filin makaranta ba ya yabon yankan kowa. Da ya ga yadda yake rarrafe yana bugun katanga yana juyowa, sai ya sa masa suna Kunkuru, har yau kuma sunan ne ya bi shi. Gaskiya tsakiyar fili Kunkuru ba shi da laifi, yana barin ciyawa sumul kamar darduma. Amma wuƙarsa a tsakiyar cikinsa take, tayarsa ke fara isa katanga, don haka duk inda fili ya ƙare sai ya bar ciyawa faɗin tafin hannu tana tsaye: jikin katanga, gindin bishiyar lemo, da bakin dakalin da muke shanya. Baba ya zagaya ya gani, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe abin nan ma da sauransa.

Daga ranar ya samu aiki. Da hantsi sai ya fito da almakashinsa, wanda Mama, Allah ya jiƙanta, ta naɗe wa mariƙi da tsumma shuɗi don kada ya yi masa kanta. Ya kafa turaku biyu, ya ja igiya, ya shimfiɗa buhu ya durƙusa, yana bin gefen nan kaɗan-kaɗan. Kwana huɗu yake yi kafin ya zagaye filin, kafin ya gama kuwa inda ya fara ya sake tofowa. Yana yi yana yi wa Kunkuru tsiya, wai shi ne mai gida, Kunkuru yaron shago. Da rana ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Ni kuwa, Yaya, abin ya tsaya mini a rai. Zan so in ce maka tausayin gwiwarsa ne kawai, amma ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Wata rana maƙwabciyarmu, malamar asibitin nan, ta leƙo ta kan katanga ta gan shi a durƙushe, ta ce mini cikin wasa ashe mun samu lebura kyauta. Wasa ta yi, amma na yi kwana uku maganar tana cina. Na ga kamar duk wanda ya wuce cewa yake ga 'yar da ta ɗauko ubanta ta sa shi aikin gida. Sai na kira mutumin da ya girka mana injin. Ya ce abu mai sauƙi ne: a jera bulo a kwance daidai da ƙasa a duk gefen, a matsar da wayar da aka binne a ƙasa mai nuna wa injin iyakarsa, yadda tayar za ta hau bulon, wuƙar ta kai ƙarshen ciyawa. Na zaɓi ranar da Baban yara ya kai Baba ganin likita, aka yi aikin aka gama kafin su dawo. Almakashin kuma na ɗauke shi na tura can ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan bokiti.

Washegari Baba ya fito da buhunsa da igiyarsa, ya tarar Kunkuru ya share gefen fes, ko tsinke bai bari ba. Ina kallonsa ta tagar kicin. Ya bi katangar tun daga farko har ƙarshe yana taɓa bulon da sandarsa, sannan ya naɗe igiyar ya koma ɗaki. Da yamma ya tambaye ni ko na ga almakashinsa. Na dubi idon mahaifina na ce ban gani ba, wataƙila yara ne. Ya ce to, bai sake tambaya ba.

Wata biyu ke nan yanzu. Tun daga ranar Baba ya daina fitowa tsakar gida. Yana zaune a falo, rediyo na yi, shi ba saurare yake ba. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Wandon da ka aiko masa bara sai da na ƙara huda a bel ɗinsa. Lokacin da ka ce mini ka ji muryarsa ta yi sanyi, na ce maka mura ce. Ba mura ba ce, ni ce. Na kare gwiwarsa, na kare fuskata a wurin maƙwabta, na raba shi da abu ɗaya tak da yake tashi dominsa da safe. Wallahi duk lokacin da na ji ƙarar Kunkuru a waje sai in tashi in rufe taga.

Makon jiya na kasa daurewa. Ban kira kowa ba, da hannuna na tone wayar na mayar da ita inda take, yadda tayar ba za ta ƙara hawa bulon ba, har farcena biyu suka karye. Na jira kwana shida ciyawar gefen ta tashi, sannan na ɗauko almakashin na ajiye a kan kujerarsa, na ce masa ga shi na tsinta, kuma ina jin Kunkuru ya lalace don ya koma barin gefe. Ya juya almakashin a hannunsa, duk ya yi tsatsa. Ya ce dole ya yi tsatsa, ai ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai laima, tun rana ta biyu ya gan shi bayan bokiti. Na ce to me ya hana shi ɗauka, Baba? Ya ce ai gidana ne ba nasa ba, idan matar gida ta ɓoye abu, baƙo ba ya sa hannu ya ɗauko.

Baƙo, Yaya. Shekara biyu yana ɗakin da na share masa da hannuna, ina ganin na yi abin kirki, ashe shi lissafin baƙo yake yi wa kansa. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har maganar maƙwabciya, na roƙi gafara ina kuka. Ya ce in tashi, ya yafe, kuma wayar ma ban mayar da ita daidai ba, ta karkace wajen bishiyar lemo. Daga nan ya ce in miƙo masa mai da dutsen wasawa.

Kwana uku ke nan yana goge almakashin yana wasa shi, amma bai sauka filin ba tukuna. Ƙafafunsa sun yi sanyi saboda zama, jiya da ya gwada durƙusawa sai da na kama shi. Ban sani ba ko zai iya komawa yadda yake, kuma in bai iya ba, na san wa ya jawo.

Roƙona biyu ne. Sabon injin da ka ce za ka aiko, wanda ke yanka har jikin katanga, don Allah ka bar shi a kanti. Sannan in ka kira Baba, kada ka fara da tambayar magani. Ka tambaye shi gefen fili, ka bar shi ya yi maka ƙorafin Kunkuru son ransa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da babban ɗanku da takwarar Mama, ka shafa mini kan 'yar auta. Baban yara da 'yan biyu suna gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ka. Yana bakin dakali yanzu haka, almakashin a kan cinyarsa, yana kallon ciyawar tana tashi. Ka sa shi a addu'a, ni ma ka sa ni.

Wassalam,
Ƙanwarka mai neman afuwa,
Auta