Gojin Tsinkar Fari

Xi'an, 2 ga Yuli, 2004

Yaya Guilan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin tsinkar goji? Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Ban kira wayar shagon bakin titi ba saboda Baba ba ya ji sosai a waya, kuma kin san yana ganin girman takarda. Ki karanta masa wannan bayan ya ci abinci.

Kin gaya min Goggo tana zuba masa goji, jajayen 'ya'yan itacen nan na gonarmu, a romon rago don jininsa ya dawo, ga na kwanon shayi, ga wanda yake tauna da safe. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Tunda aka sa masa bawul na ƙarfe a zuciya a watan Mayu, zai riƙa shan ƙwayar warfarin har ƙarshen rayuwarsa, don kada jini ya daskare a kan ƙarfen. Likita yana son lambar gwajin jininsa ta tsaya tsakanin biyu da uku. In ta haura, jini zai ƙi tsayawa, a hanci, ko a ciki, ko a ka.

Na samu wani rahoto a ɗakin karatun asibitinmu. Wata mata 'yar shekara sittin da ɗaya a Amurka, mai shan wannan ƙwaya, ta yi kwana huɗu tana shan ruwan goji, lambarta ta wuce huɗu. Da ta daina, ta sauko. Dole in faɗi gaskiya, rahoto ɗaya ne kacal, bai isa a ce an tabbatar ba. Amma littafinmu na magunguna ya ce ma'aunin goji giram shida ne zuwa sha biyu a rana. Na auna cikin tafina daga jakar da kika aiko min, giram ashirin da takwas. Tafin Baba ya fi nawa.

Ina roƙonsa ya dakata da ci, a kai shi gwaji a asibitin Zhongning, a kuma gaya wa likita.

Ki gaishe da mijinki da Goggo. Na bar ku lafiya.

Ƙanwarki,
Shumei

*

9 ga Yuli

Shumei,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, gajiya kam akwai ta, yatsuna duk ƙaya. Goji ya yi kyau bana, tsakar gida ta yi jawur da shanya, ba wurin sa ƙafa.

Na karanta masa kamar yadda kika ce. Ya saurara da hannu a kunne, ƙirjinsa na ta ƙas-ƙas, agogon da yake cewa likitoci sun manta a cikinsa. Da na gama ya ce, "Koma wurin matar nan. Su nawa ne?"

Na ce, "Ita kaɗai ce, Baba."

"A duniya kaf?"

"Haka ta rubuta."

"To gojin wa ta sha? Ba dai namu ba." Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce in tambayi malamar magani: wa ya kai ta jami'a in ba bishiyoyin nan ba? Ya ce Kaka ya ci shi shekara casa'in da ɗaya, ya rasu da haƙoransa. Ya sa na kawo allura, ya zura zare a gabana ba tabarau, ya ce in rubuta miki wannan ma.

Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa likita. Ashe ranar sallama likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a. Na ce, "Baba, gojin fa?" Ya ce, "Goji magani ne? To shinkafa ma ki kai ƙararta." Na ce ai shi ne kullum yake cewa goji yana gyara ido da ƙoda. Ya ce in tashi in juya shanya.

Shumei, ke ba ki ga gidan ba. Duk wanda ya zo duba shi da ƙullin tsinkar fari yake zuwa, mafi kyawu a gonarsa. Ya za a yi in ajiye wa baƙo shayi da goji da magarya, in ajiye wa maigida ruwan zafi fari? Na gwada jiya. Ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Mutuwa na yi ba a gaya min ba?"

Gwaji kuma ya ce sai an gama tsinka ta biyu. Akwai wani shuɗin tabo a damtsensa, faɗin tafin hannu. Ya ce kwando ne ya buge shi.

Ga saƙonsa kalma da kalma: "Ta ce tabbas, in daina. In ba ta tabbata ba, ta ƙyale ni da abincina."

Kowa yana gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Yayarki,
Guilan

*

Xi'an, 14 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Takarda biyu ce a ambulan ɗin. Wannan taki ce, kada ki karanta masa.

Tabon nan ya tsorata ni. Ki duba dasashinsa in yana wanke baki. Ki tambayi Goggo ko bayan gidansa ya yi baƙi, ita ba zai ji nauyinta ba.

Na kai maganar wurin shugabar ɗakin maganinmu. Ta ce rahoto ɗaya ba hujja ba ne, mai yiwuwa wani abin daban matar ta ci. Sannan ta ce, in mahaifinta ne, da ta ɓoye tulun gojin. Na nemi hutu, ta ce wata biyu kawai na yi da fara aiki, sai dai a duba.

Shekara huɗu ana koya min kada in faɗi abin da ya fi wanda na sani. Sau uku na rubuta takarda ta biyun ina yagawa. Ƙarya ce a cikinta, Yaya. Na rubuta cewa an tabbatar, na ce mutane da yawa ne. Allah ya yafe min. Ki karanta masa da murya mai ƙarfi, kada ki kalle shi.

Shumei

Takarda ta biyu:

Baba, ina gaisuwa da fatan an samu sauƙi. Na sake bincike. Tabbas ne, babu shakka ko kaɗan, goji da ƙwayarka ba sa haɗuwa. Ya faru da mutane da yawa. Ka daina yau. 'Yarka, Shumei.

*

21 ga Yuli

Shumei,

Wa alaikumus salam. Ba zan tsawaita ba.

Na karanta masa. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya kai ta bakin taga. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hannun nata ne, amma maganar ba tata ba ce."

Na ce, "Tata ce mana, Baba."

Ya ce, "Ke Guilan, yarinyar da in ka tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta ce 'wajen uku, amma agogon nan yana gudu da minti biyu'? Ita ce za ta ce min mutane da yawa, ba ta faɗi ko su nawa ba? Tsoro ne ya kama ta. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ubanta lafiyarsa ƙalau."

Bai yi fushi ba. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba, wai ita ce ƙaryarki ta farko, zai adana ta.

Na ɓoye tulun a gidanmu. Ya fita tsakar gida ya ɗiba daga shanya. Shumei, ina zan ɓoye gona?

Yau da safe haɓo ya ɓalle masa yana alwala. Na duba agogo saboda na san za ki tambaya: minti ashirin da biyar kafin ya tsaya. Goggo ta ce ya yi asarar jini, dole a mayar masa. Ga ta can ta ɗora romo.

Guilan

*

Xi'an, 26 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Na kira shagon sau shida, aka ce duk kuna gona.

An ba ni hutun kwana biyu, daga huɗu ga Agusta. Saura kwana tara. Kada ku jira ni. Ke da mijinki ku sa shi a mota ku kai shi gwaji, ko da zagi. Kada ya daina ƙwayar da kansa, wannan ya fi haɗari. Wannan kam na tabbata, amma ban san ko zai ƙara yarda da ni ba.

In ya tambaye ki game da gojin, ki gaya masa gaskiya. Mace ɗaya ce. Har yanzu ita kaɗai ce, kuma ba na son ya zama na biyu.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Shumei