Kebul Daga Sama Zuwa Gadon Inna

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan sai godiya. Na koma takarda ne tunda kiran waya sai ka ga dama kake ɗagawa.

Jikin Inna dai babu daɗi. Muryarta ta shige ciki, sai na kai kunne bakinta nake jin abin da take faɗa. Ta matsa a ɗauki maganarta a ajiye maka, ta ce akwai abin da ba za ta ba kowa saƙonsa ba. Na ɗauko wayata, ta ture hannuna. Wai ɗanta yana da ɗaki guda na ɗaukar murya a saman gidan nan, mawaƙa suna layi a ƙofarsa, ita ba za a ɗauke ta da abin da nake kiran mai gas da shi ba.

Abokinka Dogo, wanda ka bar wa makulli, ya ce ka hana a motsa na'urar ɗaukar muryar daga teburinta, wai a ja kebul daga sama har gadon Inna. Yaya, kai fa ka koya mini cewa kebul mai araha irin wannan in ya yi tsawo murya dushewa take yi, kuma duk wayar wutar da ya bi ta gefenta sai ya kwaso ƙugi. Ka manta ranar da ka zage ni tas don na ƙara maka guntu ɗaya? Na'urar nan ba ta fi tiren shayi nauyi ba, Inna kuwa ko zama ba ta iya yi, balle hawa matakala. Don Allah ka ce a sauko da ita.

Inna tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fatan ciwon bayan da ka ambata ya yi sauƙi.

Dogo ya nuna mini amsarka. Na karanta wurin da ka ce ɗakin Inna duk magani ne da ruwa a kofuna, wani abu zai iya zubewa a kan na'urar. Na ga kuma ka ce in ƙugi ya shiga za ka wanke shi a kwamfuta. To, an yi yadda kake so.

Dogo ya haɗa guntayen kebul ɗinka da salatif, ya biyo da su matakala, ya ratsa bayan firiji, ya wuce ƙarƙashin mitar wuta, da ƙyar bakin ya kai matashinta. Yana sama da abin ji a kunne, ya leƙo ya ce abin yana kuka kamar injin niƙa. Na ce ya danna kawai, ba mu da wata ranar da za mu jira.

Inna ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, sai ka ce makirfo yana gani. Na riƙe mata shi dab da baki har hannuna ya sage. Ta daɗe tana magana, tana tsayawa tana neman numfashi. Da ta gama ta tambaye ni ko ya fito. Na ce mata tangaram. Ta yi murmushi ta ce dama ta san kayan ɗanta ba sa ba da kunya.

Ka huta lafiya.

Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta.

Na sami saƙonninka duka, yanzu kai ne mai kira ni ce ba na ɗagawa. Ka ce ka wanke sautin iya wankewa, da ka cire ƙugin sai muryar ta bi shi. Ni ma na saurara. Kukan firiji ne daga farko har ƙarshe, can ƙasa kuma wani gidan rediyo yana tallar sabulu. Wuri ɗaya ake jin ta kira sunanka, daga nan sai shuuu.

Ka roƙe ni in rubuto maka abin da ta ce, tunda ni na riƙe makirfon. Gaskiya ne, na ji komai, babu kalmar da ta wuce ni. Ka tambaya ko yafiya ce, ko wasiyya, ko faɗa a kan rashin zuwanka. Yaya, ita da bakinta ta ce ba za ta ba kowa saƙon ba, ni kuwa ban taɓa saɓa mata tana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Ba zan kuma ɓoye maka ba, ko da ta yarje mini, da na yi shiru. Haushinka nake ji, kuma ina so ka daɗe kana kunna abin nan kana kasa kunne.

Kebul ɗin na naɗe shi na rataye a ƙofarka. Ka kwantar da hankalinka, na'urarka tana nan lafiya lau a teburinta, ko ɗigon magani bai taɓa ta ba.

Ƙanwarka,
Auta