Buhu Bakwai na Leda

Alhamis, bayan isha'i

Kwana goma sha ɗaya na yi ina tsince leda a gonar Inna, buhu bakwai cif, don ruwan shuka ya tarar da ƙasa mai tsabta. Yau da hantsi na iske gonar ta koma baƙa. Kawu Garba ya kwaso sharar garin Filingué, amalanke huɗu, ya zube a gonarsa da ke gabas da tamu don taki, bai tsince komai ba. Iskar gabas ta kwaso mana ledojin.

Na same shi cikin ladabi. Ya ce, "Ɗan lakwal, ɗan boko, je ka kai ƙarar iska wurin mai gari." Abokansa suka yi dariya. Na juyo gida.

Inna ta ce in bari, ƙanenta ne. Ba zan bari ba.

Buhunan suna zaure, ban ƙone su ba don hayaƙinsu guba ne. Kwana uku ina lura, da la'asar iska na juyawa, tana kaɗowa daga yamma. Na san karatuna bai yarda da wannan ba. Amma gobe zan kwance bakinsu a kan iyaka. Shi ma ya san gidan mai gari.