Yayan matata ya sa na buɗe wa wesget baki, yanzu ya ce laifina ne

Salam 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina ne a ɓace, wallahi ko abinci ba na iya ci.

Ni bakanike ne a unguwar Kilomita Biyar, shekara goma sha ɗaya ina aikin injin turbo. Yayan matata ya sayo wata tsohuwar mota daga Duwala, ya ce in sa mata wesget na waje. Ga wanda bai sani ba, bawul ne mai sifirin da ake ɗaura wa bututun hayaƙi, in iska ta yi wa turbo yawa sai ya buɗe ya rage, kar injin ya fashe. Na yi walda tsaf, na ce zan mayar da bakin bututun cikin salansa kamar yadda ake yi. Ya ƙi, wai shi ƙarar yake so irin ta bidiyon da yake kallo a waya. Na ce Yaya, nan fa ba Turai ba ce, unguwar nan ko ƙofar shago ce ta faɗi mutane gudu suke yi, kowa ya san harbe-harben da muka gani a baya. Ya turo min da murya a WhatsApp, wai ni ɗan aiki ne, in yi abin da aka sa ni. Don kunyar surukuta na bar bututun a buɗe, kuma na sani nan ne na yi wauta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya bi ta kasuwar Kokoro ya taka totur. Wesget ya buɗe da ruri, ya ɗaga ƙafa motar ta shiga tas-tas-tas kamar harbin bindiga. Sai gudu! Aka rufe shaguna, 'yan moto suka zubar da babura, Inna mai ƙosai da ke bakin garejina ta je kasuwa, aka ture ta, ta karye a ƙugu.

Abin da ke ƙona min rai, mutumin nan yana bin shago-shago yana cewa ni na lalata masa mota, bai san komai ba. Ji rashin tsoron Allah! Dattawan unguwa sun kira zama ranar Asabar, mai filin garejin ya ce in ni ne mai laifin, in kwashe kayana. Muryar tana nan a wayata. Matata kuwa kuka take yi, wai in na kunna a gaban mutane na tozarta gidansu, ba za ta iya zama da ni ba.

Jiya na je duba Inna. Shekara goma tana ajiye min ƙosai da zafinsa. Ta riƙe hannuna ta ce, ɗana, an ce kai ne, na ce ƙarya suke yi ko? Sai na yi mata sannu na fito, domin hannuna ne ya yi waldar.

To ku faɗa min, ranar Asabar in kunna muryar ko in yi shiru? Kuma Inna fa, me zan ce mata?