Takardar Soja Ta Ce Ubana Bai Mutu a Yaƙi Ba

Assalamu alaikum Malama Adawiyya. Don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa inda zan aje wannan magana.

Ni tsohuwa ce daga Wagini, aji huɗu na tsaya, sai ki yi haƙuri da rubutun. Ina shekara biyar ubana Usaini ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa. Bayan shekara biyu wani abokinsa ya kawo butarsa da bargonsa, ya ce a gabansa ya faɗi. Aka yi sadaka har ta arba'in. Inno, mahaifiyata, ta gama takaba ta auri ƙanensa, Baba Armaya'u, shi ya riƙe ni har ya aurar da ni.

Ni kuwa na mai da uban nawa tatsuniya. In jikoki sun dame ni sai in kashe musu shi inda na ga dama: yau a bakin kogi, gobe a kan gada, ran nan ma sai da ya kori bataliya da sanda. Ɗana Abdulhakim, malamin makaranta, ya ce ƙaryar ta isa. Ya bi lambar sojan da ke jikin bargon, wata takwas yana zirga-zirga ofisoshin ajiyar takardu, har ya samo fayil ɗin.

Horo a Zariya. Makurɗi. Inugu. Harbi a ƙafa. Asibiti a Kaduna, an yanke ƙafar. An sallame shi da ransa. Takardar ƙarshe ta ce a Kaduna ya rasu, 1983. Kaduna fa, Malama, ba bangon duniya ba! Garin da marigayi Baba Armaya'u kan je duk kaka da buhun waken da Inno ta ɗaure masa, wai bai taɓa cin karo da shi ba.

Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Ina daka, ina salla, kamar labarin wani aka karanta mini. Jikoki sun roƙi tatsuniya, na tura su barci. Inno ta haura tamanin, tana Zakka wurin ƙanena. In gaya mata ta yi aure mijinta na raye, ko in ƙyale ta?

Kakar yara, Wagini

Wa alaikumus salam Iya. Wannan shirun da zuciyarki ta yi ba laifi ba ne, za ta farfaɗo a lokacinta.

Batun auren, ku kai wa malami masani a asirce. A iya sanina, wadda ta yi takaba kan shaidar da aka yarda da ita ba a ɗora mata zunubi. Inno na da haƙƙin sanin ƙarshen mijinta, amma shekarunta ma suna da haƙƙi a kanku. Kada a dire mata fayil a gaba.

Sai dai Iya, sake karanta wasiƙarki. Wa ake kai wa waken nan? Wace shekara aka daina kaiwa? Ban ce na sani ba. Takarda ta faɗi inda mutum ya zauna, ba ta faɗi abin da ya hana shi komawa gida ba. Wataƙila ya ji an ɗaura aure, ya ƙi rushe gidan da ake rainonki.

Ki je Zakka ke kaɗai, ki bar takardun a gida. Ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta waken kawai. In ta kau da kai, ki ƙyale ta. In ta fara magana, wannan karon ke ce mai sauraron labari.

Allah Ya jiƙan Malam Usaini, Ya sanyaya muku zuciya.